Ruwan Da Ya Riga Mu Sa Hannu

Litinin, 2 ga Afrilu, 2001

A yau, cikin ikon Allah da haƙurin wata tsohuwar danfo, motar haya, da ta daure ba ta mutu a hanya ba, aka buɗe zaman tattaunawa tsakanin Ƙungiyar Masu Dakon Nama, wadda ni, Shafi'i, tsohon malamin firamare kuma marubucin wasiƙu a bakin tashar jirgin Agege, nake wa Sakatare Janar, da Kamfanin nan da ke sayen nama a gefen mayankar Oko-Oba, ya sanyaya, ya kai wa otal-otal. Tsohuwar yarjejeniyarmu za ta ƙare ranar talatin ga wata. Ba na shakka Tarihi yana can yana fiƙe alƙalaminsa.

A hannun damana Shugaba Jumare ne, wanda ya zo Ikko tun ana hawa jirgi da guzurin ƙuliƙuli, ya yi dako har wuyansa ya zama turmi, ya yi dillanci a kara, kasuwar shanu, ya dawo ya shugabance mu. A gabanmu Alhaja Sikiratu, manajar ma'aikata, Bayarabiya haifaffiyar Agege, wadda Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina na da tsabta.

Na miƙe na gabatar da buƙatunmu. A ƙara ladan dako. A gyara gangaren simintin nan mai santsi da ake sauka da nama. Abu mafi girma kuwa, Kamfani ya ɗauki jinyar duk wanda ya ji rauni a bakin aikinsa tun daga farkon shekarar nan. Na fara daga masu ginin dalar Masar, na ratsa ta Rumawa, na sauka a Oko-Oba. Alhaja ta cinye biskit ɗin da ke gabanta, ta jawo na gabana.

Laraba, 4 ga Afrilu

Ya kamata a rubuta dalilin buƙata ta uku, domin masu zuwa baya. Dalilin yana kwance a shagon ƙofar gidana, sunansa Isma'ila.

Magidanci ne daga wani ƙauye a bayan Bakori, ɗan ci-rani kamar galibin mutanenmu, mai mata ɗaya, Talatu, da 'ya'yan da yake lissafa mini sunayensu ko ban tambaya ba. Bayan Babbar Sallah ya zame a gangaren nan da cinyar sa a ka. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. 'Yan ƙungiya suka yi karo-karo, maɗori ya zo ya ɗaure da karare, abin da ya rage ya tafi a kemis. Likitan da aka nuna wa ya ce wannan ba ɗori ba ne, aiki ne na asibitin ƙashi, kuma a can ba a taɓa mutum sai an ga wanda ya tsaya masa. Kamfani ya ce babu inda aka rubuta shi ne zai tsaya. To, za a rubuta.

Da yamma ya ce, “Malam, yi mini irin abin da ka faɗa musu mana.”

Na tsaya a bakin ƙofa, na gyara malum-malum, na maimaita masa jawabin tun daga Masar. Ya yi dariya har ya riƙe ƙafar.

“Wallahi Malam ko rabi ban gane ba, amma in ni ne Kamfani, da na biya don ka zauna.”

Na karɓi wannan a matsayin yabo.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Wani abin takaici ya faru: an daidaita.

Muna zama Alhaja ta rufe ƙofa, ta ce daraktoci sun ba ta izini. Ladan dako za a ƙara, ba yadda muka nema ba, amma fiye da yadda muka yi tsammani. Gangare za a gyara. Jinya kuwa sun yarda, tun daga watan Janairu. Na zare alƙalami. Jumare ya ɗora ƙafarsa a kan tawa, ƙafar da ta shekara talatin tana ɗaukar rabin sa.

“Sakatare, ka taɓa kai bijimi kara?”

Na ce na karanta a kan hakan.

“In dillali ya sayar maka da shi tun rana ba ta yi zafi ba, ko nawa ya kawo maka, kwana za ka yi kana cewa ya haɗa baki da mai saye. In kuwa ya dawo da la'asar, da gumi, murya a dishe, kuɗin nan dai shi ne, amma har goro za ka ba shi. Mu kai wa yaran nan wannan yau, wallahi cewa za su yi an saye mu.”

Na juya ga Alhaja don ta kare mutuncin hankali. Sai ta yi dariya. “Baba ya faɗi gaskiya. Ni ma in na miƙa komai ba tare da faɗa ba, ogoginmu za su ce to me ake biyana na yi?”

Haka aka tsara, mu uku: za mu yi ta rigima har wa'adi ya cika, mu wuce shi kaɗan, mu yi barazanar yajin aiki, sannan a sa hannu kowa yana haki. Na ce Isma'ila fa? Jumare ya ce ɗori ai dama sai ya yi arba'in, me zai faru a mako uku ko huɗu?

A danfo na tsara abin da nake so a riƙa kira Ka'idar Shafi'i ta Farko: ba a jinkirta yarjejeniya don an kasa daidaitawa, ana jinkirta ta ne don a samu shaidun cewa an wahala. Na ji daɗin jimlar ƙwarai. Da na iso gida na bi ta ƙofar baya.

Asabar, 14 ga Afrilu

Kalsum, uwargidana, ta ce shago ya fara wari. Na tunatar da ita cewa Legas ɗungurungum wari take yi.

Talata, 17 ga Afrilu

Ranar ficewa cikin fushi. An bar taga a buɗe da gangan, mutanenmu sun taru a ƙarƙashinta da rigunan aiki. Na yi magana a kan gumi da jini, na kira tayin Kamfani cin mutuncin wuyan talaka, na ce gara mu ci ƙasa da mu karɓa. Da na kai ƙarshe na daki tebur, kofin shayi ya kife. Alhaja ta ce ƙasa-ƙasa, “Malam, a hankali, teburin na aro ne,” sannan ta ɗaga murya ta ce ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba.

Muna fita suka ɗaga ni sama. Wanda ƙwararrun masu dako ba su taɓa ɗauka ba, bai san ɗaukaka ba: ba girgiza, ba tangaɗi, sai ka ji kamar kai ne cinyar da aka fi tsada. Farar rigata ta dawo da tambarin tafin hannu ja har guda nawa. Na hana a wanke ta yau.

Na sake yi wa Isma'ila jawabin. Ya yi murmushi. Bai yi dariya kamar wancan karon ba; wataƙila na yi saurin kai wa wurin shayin.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Bayan masallaci na zauna ina duba tsarin mulkin ƙungiyarmu, wanda ni na rubuta shi da hannuna shekarar da sojoji suka koma bariki. A zamaninsu mutum ɗaya ke sa hannu a madadin kowa, a gaya maka daga baya. Ni kuwa na rubuta cewa babu yarjejeniyar da za ta tabbata sai kashi biyu cikin uku na 'yan ƙungiya sun hallara sun ɗaga hannu. In na mutu, wannan sakin layin nake so a tuna ni da shi.

Kalsum tana tsince shinkafa ta ce, “Oga Janar, tsakaninka da Allah, kun gama ko ba ku gama ba?”

Na ce al'amuran diflomasiyya ba su da gamawa irin ta wanke-wanke.

“Ka daina bi ta ƙofar shago tun makon jiya. Shekara nawa ina aurenka?”

Na ga babu mafita, na gaya mata, na haɗa da Ka'ida ta Farko don ta ga zurfin abin. Ta ajiye faifan.

“Wato tuwo ya nuna, an kwashe, an rufe, kuna tsaye kuna buga muciya a tukunya don maƙwabta su ji. Mai yunwar kuma ga shi nan a ƙofar gidanka.”

Mace ce mai basira, amma ba ta karanta tarihi ba.

Laraba, 25 ga Afrilu

Zazzaɓi. Mai kemis ya zo ya yi allura, ya kwance tsumman, ya mayar da sauri. A waje ya ce mini, “Malam, wannan ta fi ƙarfina.”

Na hau okada, wato acaɓa, abin da ban saba ba saboda mutuncin riga, na sami Jumare a kara. Na ce a taƙaita wasan, a kira taro ranar Lahadi. Ya daɗe yana tauna goro.

“Kira su ka gani. Tun ranar shayin nan babu mai maganar rabi. Cewa suke ko duka ko a ci ƙasa. Kai ka hura su, Sakatare. Ka kawo musu tayin nan yanzu su ƙi shi, jinyar ma ta bi ruwa. Sai sun gaji tukuna. Sai sun hango yajin aiki da idonsu, sun tuna ba su da abin ci a cikinsa.”

Ka'ida ta Biyu, ke nan: wanda ya hura wuta don a ga hayaƙi... A'a. Ban ji daɗin wannan ba. A bar ta.

Litinin, 30 ga Afrilu

Wa'adi ya cika. Na zaci zan ji wani abu, ko tsawa, ko rawar ƙasa. Agogon bangon ofis ya ci gaba da tafiyarsa, fanka tana juyawa, wani a waje yana tallan burodi. Aka amince a ci gaba da aiki a kan tsohuwar yarjejeniya har a ga hali. Muka miƙa sanarwar yajin aiki daga sha huɗu ga watan gobe. A asirce kuwa: taron 'yan ƙungiya ranar Lahadi sha uku, su ɗaga hannu, a sa hannu, a ɗauki Isma'ila.

Mako biyu. Na gaya masa an kusa. Ya ce, “Allah ya sa, Malam. Kuna ƙoƙari.”

Talata, 1 ga Mayu

Ranar Ma'aikata. An yi maci, an ba ni lasifika. Na yi kyau, kowa ya faɗa.

Asabar, 5 ga Mayu

Alamu masu ƙarfafa gwiwa. A kasuwa na ga mutanenmu suna sayen manyan jakunkuna, da turamen atamfa, da batir, da takalman roba na yara. Na fahimci suna kintsa kansu ne don doguwar gwagwarmaya, kamar yadda mayaƙan zamanin da suke yi kafin a kewaye birni. Na gaya wa Kalsum. Ta ce ita dai masu dakon da ke sayen tuwo a wurinta sun fara ce mata ta yafe musu in sun taɓa ɓata mata.

Talata, 8 ga Mayu

Wani direban tirelar shanu ya iso da labari: ruwa ya sauka a gida. Tun daga Funtuwa har Malumfashi, ranar Asabar, ya sake washegari, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ana shuka. Bana ya yi wuri. Mayanka ta ɗauki Alhamdulillahi, ni ma na faɗa tare da kowa, har na ƙara da 'yar addu'a da Larabci.

Isma'ila da ya ji sai ya yi yunƙurin tashi. “Talatu ita kaɗai ce, Malam. Irin yana rumbu.”

Ina tsallaka titin jirgi zan koma teburina sai ƙafafuna suka tsaya da kansu. Jakunkuna. Atamfa. Takalman yara.

Ni ba ni da gona. Jumare rabonsa da fartanya tun kafin a haifi rabin mutanensa. Mun zauna mu uku mun duba kalandar bango, mun kauce wa bikin Ista, mun kauce wa Ranar Ma'aikata, har mun kauce wa bikin 'yar wani darakta. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi sama.

Alhamis, 10 ga Mayu

Tirelolin da suka kawo shanu ba sa komawa wayam. Tun jiya suke cika da mutanenmu, kowa da jakarsa, a zaune a kan katakon da aka gitta. Na je wurin lodi na tsaya a gaban wata kamar zan hana ta tashi da jikina.

Na ce su dakata zuwa Lahadi. Kwana uku kacal.

Sale, ɗan ƙauyen su Isma'ila, ya leƙo daga sama. “Malam, mu jira me? Ku da bakinku kuka ce Kamfani ya taurare. In yajin aiki ne, ga shi mun tafi, ai ya yi. Wanda bai yi shuka a wannan danshin ba, shi da iyalinsa sai sayen hatsi baɗi.”

Sai na faɗa. A gaban kowa, ba Masar, ba Rumawa. Na ce an daidaita tun watan jiya, har da jinya, hannuwanku kawai ake jira.

Sai tirela ta ɗauki dariya.

“Haba Malam! Kai da ka kifar da shayi?”

“Dabara ce, don mu zauna!”

“Allah ya bar mana Sakatare!”

A rayuwata ban taɓa yin jawabin da aka gaskata kamar na ranar shayi ba, ban kuma taɓa faɗin gaskiyar da aka yi wa dariya kamar ta yau ba. Sale ya ce sun so su tafi da Isma'ila, amma ƙafar ba za ta jure kwana biyu a bayan tirela ba. Ya ce in gaya masa kada ya damu, shi zai shuka masa gonarsa bayan tasa. Direba ya danna ham. Na matsa gefe.

Lahadi, 13 ga Mayu

Babban taro. Ba sai an ƙirga ba. Bencina sun fi mutane.

Jumare ya ce tunda hali ya zo haka, waɗanda suka zo su ɗaga hannu a wuce wurin. Sai Yari ya miƙe, wani mazaunin Agege da ba ya zuwa noma, wanda ni na zaunar da shi na koya masa tsarin mulki sakin layi bayan sakin layi. Ya karanto kashi biyu cikin uku da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har da ɗaga yatsa irin nawa. Ya ce zamanin sa hannun mutum ɗaya ya wuce tare da masu kaki. Aka tafa masa.

A matsayina na malami ya kamata in yi alfahari.

Talata, 15 ga Mayu

Babu biskit a tebur.

Alhaja ta ce daraktoci sun janye tayin gaba ɗaya. Maigadin gidan ɗaya daga cikinsu ne ya nemi izinin tafiya gida shuka, ogan ya tambaye shi ko duk haka 'yan Arewa ke yi, ya ce ƙwarai, sai kaka. Ogan ya aiko a leƙa bakin aiki, aka ƙirga masa kawuna. Yanzu sun ɗebo 'yan aikin yini daga wani wuri. Wa zai ji tsoron yajin aikin mutanen da suka riga suka tafi?

“Wallahi Malam na yi musu magana har na gaji,” in ji ta. “Da mun sani, da ranar nan...” Ba ta ƙarasa ba. Jumare ma bai ɗago ba.

A hanya ya ce mu yi haƙuri zuwa kaka. In yara suka dawo, ga ƙarshen shekara, otal-otal na neman nama, sai mu matse su har su ba da fiye da na da. Ta fuskar dabara, maganarsa babu kuskure. Na ce masa kaka wata biyar ce. Ya ce ya sani.

Alhamis, 17 ga Mayu

Yatsun ƙafar sun canza launi. Ya daina cin tuwo, sai kunu.

Kalsum ta daina yi mini ba'a. Da ma ta ci gaba.

Asabar, 19 ga Mayu

Na zauna a teburina na bakin tasha tun safe. Mutum uku suka zo a rubuta musu wasiƙa, duka zuwa gida, duka tambaya ɗaya: an yi shuka? Na rubuta. Na ukun ya ce, “Malam, yau ba ka sa irin manyan kalmomin nan ba.” Na ce sun ƙare, sai an kawo.

Hatimin ƙungiya yana aljihuna. Kamfani ba ya tambayar hannu nawa aka ɗaga. Sa hannun Sakatare da hatimi yake dubawa. Na san wannan tun ran da na rubuta sakin layin nan. Na rubuta shi ne daidai don kada wani Sakatare ya...

Litinin, 21 ga Mayu

Na je ni kaɗai. Ban sa malum-malum ba, saboda zafi.

Na ce wa Alhaja: a sabunta tsohuwar yarjejeniya shekara guda yadda take. Babu ƙarin lada, babu yajin aiki. Gangare su gyara in sun ga dama. A ƙara layi ɗaya kawai, na jinya, tun daga Janairu, kuma a ɗauki mutumin yau.

Ta dube ni. “Baba Jumare ya sani?”

Na ce zai sani.

“Malam, ka san abin da za su kira ka?”

Na ce na sani, ni na koya musu kalmar.

Ta shiga ciki ta yi waya. Abin da muka yi wata da makonni muna kewayawa, aka gama shi kafin shayin da ta sa a kawo mini ya huce. Daraktoci sun yi murna, dole. Sun sayi shekara guda da kuɗin ƙafa ɗaya. Na sa hannu, na buga hatimi. Ya ɗan karkace.

Bayan azahar motar Kamfani ta zo ƙofar gida. Biyu daga cikin mutanenmu da suka rage suka shiga shago suka ɗauko shi. Na sha ganinsu da kaya a ka suna gudu suna ihu a ba su hanya. Ban taɓa ganin sun ɗauki wani abu a hankali haka ba. Kalsum ta bi mu da filas ɗin kunu har bakin titi.

Laraba, 23 ga Mayu

Likita ya tambaye ni yaushe ya faɗi. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni, ya mayar.

Za a yanke daga ƙasan gwiwa. Ya ce gwiwar za ta tsira, kuma da an ƙara mako guda, ba maganar ƙafa za a yi ba.

Akwai tambayar da na so in yi masa, game da wata Alhamis a watan jiya. Har na buɗe baki. Sai na tambaye shi lokacin ziyara.

Lahadi, 27 ga Mayu

An tsige ni.

Jumare ne ya gabatar da ƙudurin, kamar yadda ya wajaba a kansa. In bai yi ba, shi za a haɗa da ni, ƙungiya ta watse kafin kaka. Ya yi jawabi mai kyau. Ya ce na sayar da wuyan talaka. Na gane jimlar, tawa ce ta ranar shayi, ya ɗan gajarta ta, kuma, in za a yi adalci, ta fi kyau a gajarce. Yari ya nemi in miƙa hatimi. Na miƙa.

Na lura cewa waɗanda suka ɗaga hannu don tsige ni ba su kai kashi biyu cikin uku ba, ko kusa. Tsarin mulki a fili yake a kan wannan. Yari ma ya lura, na ga ya saci kallona yana jira in miƙe.

Na ɗauki hulata.

Da la'asar Jumare ya zo gida da hanta a ƙunshe cikin takarda. Bai shigo ba. Ya miƙa wa Kalsum ya ce a gasa wa mara lafiya, tana ƙara jini. Ina zaune a tsakar gida yana ganina. Ya ce mata, “Ki gaida Malam.” Ta ce zai ji.

Talata, 29 ga Mayu

Hutun cikar mulkin farar hula shekara biyu. Rediyo cike da jawabai. Kalsum ta wanke shago da ruwan zafi, ta shanya tabarmar. Ta sami rigar nan mai tambarin hannuwa a bayan ƙofa, ta tambaya ko har yanzu ajiye ta ake yi. Na ce ta haɗa da ita.

Asabar, 2 ga Yuni

Asibiti. Zazzaɓi ya sauka, ya ci shinkafa. Bargon yana kwantawa a inda bai kamata ya kwanta ba. Na zauna ta ɗaya gefen.

Na kai masa saƙon da wani direba ya kawo daga Sale: an shuka gonar, gero ya tsiro, Talatu tana gaishe shi, ba a gaya mata komai ba tukuna. Isma'ila ya gyara kwanciya. Ya ce noma da sanda sai a hankali, amma ya san wani a garinsu da ke yi. Sannan ya kama hannuna.

“An ce saboda ni suka cire ka, Malam. Allah ya saka maka. Ka yi mini abin da ɗan'uwa bai yi ba.”

Na ce ya bar wannan maganar. Ya ƙi bari. Na dubi taga.

Can ya juya ga maƙwabtan gadonsa, wani Bayarabe da okada ta kayar, da kuma wani tsoho mai karyayyen ƙugu, ya ce musu wannan shi ne Malam ɗin da yake ba su labari, wanda in ya yi magana har kofi ke faɗuwa. “Malam, yi musu na ranar shayin nan. Don Allah. Tun daga farko.”

Na ce maƙogwarona ke ciwo, sanyin damina ne. Na ɗauko lemo na ɓare masa, na cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, yana sha, har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Maƙogwarona lafiyarsa lau.

Gobe Kalsum za ta dama kunun gyaɗa. Sun ce ba a buɗe ƙofa sai ƙarfe huɗu, amma hanyar ba ta da tabbas. Zan fita da wuri.